Neman kalmar Hausa: me za mu kira yaron da aka ce ya yi ƙanƙanta a wasan hokin ƙanƙara?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙoƙon bara na kawo. Ina ɗan rubutu a kan wasan hokin ƙanƙara na gasar NHL, wadda ƙungiyoyi 32 na Amurka da Kanada ke bugawa, sai kalmomi uku suka tsaya mini a wuya: "draft", "prospect" da "undersized". Kafin wani ya ce ina ruwan mai fama da zafin bazara da wasan kan ƙanƙara, ni dai ina kallo, kuma da Hausa nake son in yi hirarsa.

Ga yadda abin yake. Duk shekara, galibi a ƙarshen watan Yuni, ƙungiyoyin kan taru su rarraba samarin da suka kai shekara 18. Ba ciniki ba ne irin na ƙwallon ƙafa a Turai, inda mai kuɗi ke kwashe na kirki. Layi ake bi, zagaye bakwai, kowace ƙungiya da gurbinta a kowane zagaye. Wadda ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ce kusa da gaba, sai dai ana jefa ƙuri'a a kan guraben farko don kada wata ta riƙa faɗuwa da gangan. Wannan taron shi ne kalma ta farko. Yaron da aka kira sunansa amma bai riga ya zama ɗan wasan babbar ƙungiya ba, shi ne ta biyu. Ta uku kuwa tambarin da ake manna wa irin su Cole Caufield ne: ya ci 72 a kaka ɗaya a tawagar matasan Amurka, amma da yake tsawonsa ƙafa 5 ne da inci 7, sai da aka kira mutum 14 kafin Montreal Canadiens ta ɗauke shi a 2019.

Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam, ɗana. Mu fara da ta farko, ita ce mai sauƙi. Kada dai ka ara ta kai tsaye. In ka rubuta "diraf", rabin masu karatu za su zaci wasan nan na allo da ake bugawa a gindin bishiya kake nufi, sauran rabin su tuna takardar banki. "Zaɓe" kuma 'yan siyasa sun riga sun mallake shi, kana cewa zaɓen bana hankali ya tafi akwati. Ni "ɗiba" nake gani. Mun saba da ɗibar soja da ɗibar ma'aikata, wato hukuma ta buɗe ƙofa sau ɗaya ta kwashi sababbin jini. Ka ƙara masa "bi-da-bi" don a san layi ake bi.

Ɗan Maraɗi mazaunin Montiriyal:
Gafarta malam, a ba ni dama in sa baki, tunda ni cikin masu wannan hauka nake zaune. Nan garin hoki ya fi ƙarfin wasa, har direban bas yana da ra'ayi a kan wanda ya kamata a ɗauka. Mutanen nan da Faransanci suke magana, kuma ba su ari kalmar Turancin ba, "repêchage" suke cewa, daga kalmar kamun kifi. Me zai hana mu ce "su"? Kogi ne cike da yara, kowa ya jefa homarsa.

Malamin Hausa:
Hoton ya yi kyau, amma ka taɓa ganin su a Argungu? Ana ba da alama kowa ke rugawa cikin ruwa, mai rabo ya samu. Nan kuwa mai tambaya ya ce sai an kira ka kake miƙa hannu, kuma wanda ya fi rauni shi ake fara kira. Su ba ya jiran marar ƙarfi.

Ɗan Maraɗi mazaunin Montiriyal:
Na sallama, ranka ya daɗe. Ɗibar bi-da-bi ke nan.

Wata mai aikin fassara:
Ni ma ban ƙi ba, sai dai a rubutu na biyu a taƙaita: ɗibar 2019, zagaye na biyu na ɗiba, an ɗebe shi na 15. Kalmar da ba ta lanƙwasa haka ba ta daɗewa a baki. Masu cewa "ɗiban" da masu cewa "ɗibar" kuma su sasanta kansu, kada su ja mu.

Kalma ta biyu ce nake jin tsoro. A labaran wasanni mukan ce "matashi mai tasowa", amma wannan ba ya nuna cewa yaron yana da mai shi. Ai shi wannan an riga an sa masa hannu, kawai ba a kai ga amfani da shi ba.

Mai son dambe:
Yaya, ai mu a fagen dambe mun daɗe da maganin wannan. Yaro in yana ƙarƙashin babban ɗan dambe sai ka ji ana kiransa Shagon wane ko Autan wane, shi ke share fage kafin manya su shigo. A ce "shagon ƙungiya" mana.

Wata mai aikin fassara:
Ƙanena, in na rubuta "shagon Canadiens" wallahi kowa zai ɗauka inda ake sayar da riguna ne.

Manomin rani daga Kura:
Ku bar wahalar da kanku, abin nan dashe ne. Mu ba ma watsa irin tumatir ko albasa a gona kai tsaye. Sai mun raine shi a ɗan fili, ana ba shi ruwa da kulawa, in ya yi ƙwari a cire a kai shi babbar gona. Ka cire da wuri rana ta ƙone shi, ka bar shi ya daɗe ya tsufa a wurin raino ya ƙi yin 'ya'yan kirki. Kuma duk manomi ya san ba kowane dashe ke kamawa ba. Ban san hoki ba, amma abin da kuke bayani shi ne wannan.

Ɗan Maraɗi mazaunin Montiriyal:
Baba, ka buga daidai ba tare da ka ga ƙanƙara ba. Rigimar da magoya baya ke yi dare da rana ke nan: yaushe za a cire. Kowace babbar ƙungiya tana da ƙaramarta a gasar AHL, tamu ta Canadiens tana garin Laval, tsallaken kogi kawai daga Montiriyal. Caufield ɗin nan bayan an ɗebe shi sai da ya yi shekara biyu a jami'ar Wisconsin, ya karɓi kyautar Hobey Baker ta gwarzon 'yan wasan jami'o'i a 2021, ya shigo babbar ƙungiya a ƙarshen kakar, aka tafi da shi har wasan ƙarshe na kofin Stanley, wato kofin zakaran gasar NHL, inda Tampa Bay ta doke mu. Kowa ya ce dashe ya kama. Kaka ta gaba sai ya yi yaushi, har aka mayar da shi Laval na ɗan lokaci. Wasa 30, ci ɗaya tak. Ka zo ka ji masu cewa "dama mun faɗa, ya yi ƙanƙanta". A watan Fabrairun 2022 aka kawo Martin St. Louis ya zama koci, yaron nan ya ci 22 a wasa 37 da suka rage. Tsawonsa bai ƙaru da ko inci ɗaya ba. Mai ban ruwa aka canja.

Faransawan nan "espoir" suke ce wa irin yaron, wato fata. Amma dashe ya fi shi, don fata ba ta gaya maka cewa akwai aiki a gabanka.

Malamin Hausa:
"Ɗan dashe", jam'i "'yan dashe". Ƙaramar ƙungiyar kuma "gidan raino". Na amince. Saura mai wuyar.

Mai son dambe:
Wace wuya kuma, malam? Gajere. An gama.

Malamin Hausa:
Ba a gama ba. Mutum mai ƙafa 5 da inci 9 in ya shigo kasuwar Kurmi babu mai ce masa gajere, amma a wannan gasa, inda matsakaicin ɗan wasa yake wajen ƙafa 6 da inci 1, za a manna masa tambarin. Ke nan kalmar ba jikin yaron take siffantawa ba, ma'aunin masu ɗiba take faɗa. Sannan ba tsawo kaɗai ba ne, har da nauyi da tsawon hannu. "Gajere" ya bar duk wannan a waje. "Wada" kuwa zagi ne, kada ma wani ya kawo shi.

Mai tambaya:
To malam, ni abin da ke raina tun farko shi ne "ɗan raina-kama", daga raina kama ka ga gayya. Dubi shi kansa St. Louis: ƙafa 5 da inci 8, babu ƙungiyar da ta ɗebe shi ko a zagaye na ƙarshe, Calgary ta gwada shi ta sallame shi a 2000, sai ga shi a 2004 ya fi kowa maki a gasar (maki shi ne ci haɗe da ba da wa wani ya ci), ya zama gwarzon shekara, ya ɗauki kofi da Tampa Bay. Theo Fleury, ƙafa 5 da inci 6, na 166 aka ɗebe shi a 1987. Marigayi Johnny Gaudreau na 104 a 2011, ya zo ya tara maki 115 a kaka ɗaya. Alex DeBrincat na 39 a 2016, sau biyu yana cin 41 a Chicago. In wannan ba gayya ba ce, mece ce?

Wata mai aikin fassara:
A nan ne zan rabu da kai. Sunan yana da daɗi, amma ya riga ya yanke hukunci. Kana cewa ɗan raina-kama ka yi wa mai karatu alkawarin gayya tana tafe. Waɗannan huɗun da ka lissafa ka san sunansu ne don sun yi nasara. Waɗanda aka ɗiba da irin jikinsu suka ƙare a gidan raino ko suka tafi Turai, wa ke tuna su? In na fassara rahoton mai farautar 'yan wasa da ya ce yaron ya yi ƙanƙanta, shi kokwanto yake nunawa, ni kuma sai in sa masa kirari a baki? Wannan ba fassara ba ce, cin amana ne.

Ɗan Maraɗi mazaunin Montiriyal:
Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma masu kokwanton ba wawaye ba ne. A kakar yau da kullum alƙalai suna hura usur, ƙaramin jiki mai sauri yana shaƙatawa, musamman tun 2005 da aka tsaurara doka a kan riƙo da maƙale mutum da sanda. Amma in aka shiga wasannin kofi, ƙungiya ɗaya za ka yi ta karo da ita har sau bakwai, ana matse ka da bango duk dare. Florida Panthers da ta ɗauki kofi a 2024 da 2025 da ƙarfin tsiya da matsi ta ɗauka. Mu kuma a 2025 Washington ta fitar da mu a wasa biyar, washegari gari ya cika da "muna buƙatar manya". Galibi ba cewa suke kada a ɗebi ƙaramin jiki ba, tambayarsu ita ce nawa ƙungiya ɗaya za ta iya ɗauka.

Kuma an fi yafe wa ɗan gaba na gefe. Mai tsaron baya ne ba a yafe wa, don shi ake so ya ture ƙato daga bakin raga. Shi ya sa labarin Lane Hutson ya fi ba ni mamaki. A ɗibar 2022, da aka yi a nan Montiriyal, kowa ya yarda yaron yana da basira, amma ƙafa 5 da inci 8 ne kuma ɗan baya. Har takardar likita ya riƙa nuna wa ƙungiyoyi cewa ƙasusuwansa ba su gama girma ba. Ku duba fa, yaro yana yawo da shaidar cewa zai ƙara tsawo! Duk da haka sai na 62 aka kira shi. Ya yi shekara biyu a jami'ar Boston, ya zo ya tara maki 66 a kakarsa ta farko, 60 daga ciki ba da wa wani ya ci ne, aka ba shi kyautar Calder ta gwarzon sababbi a 2025. Amma a ranar da aka ɗebe shi, ko mu masu murna ba mu isa mu rantse ba. Kalmar da muke nema ta ranar ɗiba ce, ba ta ranar karɓar kyauta ba.

Af, na tuna. Faransawa "petit gabarit" suke cewa, kuma "gabarit" ma'auni ne, irin wanda maƙeri ko tela ke gwada abu da shi. Maganar malam ce dai.

Manomin rani daga Kura:
To ai sai ku ce bai cika mudu ba.

Malamin Hausa:
Alhaji, ka kusa, sai dai "bai cika mudu ba" in aka faɗa wa mutum yana iya zama kamar hankalinsa ake taɓawa. Mu ɗauki awon mu bar mudun: "ƙasa-da-awo". Ɗan dashe ƙasa-da-awo. Bai zage shi ba, bai yi masa kirari ba, kuma duk wanda ya ji zai iya tambaya: awon wa? Wannan tambayar ita ce duk gardamar magoya bayan.

Wata mai aikin fassara:
Ya zauna a jimla kuwa? Bari in gwada. "A ɗibar 2022, Canadiens ta ɗauki ɗan baya ƙasa-da-awo a ƙarshen zagaye na biyu, ta bar ɗan dashen a jami'a shekara biyu." Ya zauna. "Raina-kama" kuma mai tambaya ya ajiye shi don kanun labari, ranar da gayyar ta tabbata.

Mai son dambe:
Ni dai har yanzu gajere zan ce a majalisa, ku yi ta rubuta naku.

Mai tambaya:
Ba mai hana ka, yayana. Na gode malam, na gode Hajiya, Baba na Kura Allah ya ba da damina da rani masu albarka. Na ɗauki ukun. Amma ina cikin gyara rubutun na lura duk inda na zo maganar ci sai hannuna ya rubuta "ƙwallo", alhali abin da suke bugawa baƙar roba ce mai faɗi kamar waina, ba ta da alaƙa da ƙwallo.

Manomin rani daga Kura:
Ka ce waina mana.

Malamin Hausa:
Alhaji, a bar wannan sai gobe, an kira la'asar.