Kayan gyaran gida: wanne zan saya, wanne zan bari?

Sabon Magidanci: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina son haɗa kayan ƙananan gyare-gyare na gida, kuɗin kuma ba yawa. In ɗauki akwatin saiti ne ko in riƙa saye ɗai-ɗai?

Kafinta: Wa alaikumus salam. Bar saitin nan mai araha, rabinsa ba za ka taɓa amfani da shi ba, ƙarfensa kuma laushi gare shi. Fara da guduma, filaya, tef na awo mai mita 5 da sukundireba biyu, mai baki ɗaya da mai kuros. Duba tambarin Cr-V a jikin sukundireban, alamar ƙarfe mai ƙwari ce. Bakin mai arha yana cinyewa, ya kuma lalata kan ƙusa, sai ka koma neman mai gyara.

Bakanike: Sifana dai na hannu, wato wanda aka taɓa amfani da shi, ya fi, in kana Kano leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa. Lamba 10, 13 da 17 sun ishe ka. Gwada shi a kan noti kafin ka biya. In yana lilo, bakin ya buɗe, ajiye musu. Tsatsar sama ba komai ba ce, sanfefa da ɗan man inji sun gama da ita.

Kafinta: Injin huda bango kuwa, Malam, ara ko ka yi haya. Sau nawa za ka huda bango a shekara?