Neman taimako kan lissafin lokaci a darasin labarin ƙasa

Assalamu alaikum malamai. Ina shirin jarrabawa, amma lissafin lokaci ya cije mini. An koya mana cewa duniya tana juya digiri 15 a awa ɗaya, wato minti 4 ga kowane digiri. Kano tana wajen digiri 8 da rabi gabas da layin Girinwich (layin digiri sifili, inda ake fara ƙirgawa), don haka da na buga lissafin a bayan littafina sai na sami minti 34, alhali agogon Najeriya yana gaban lokacin Girinwich da awa ɗaya cur. Ga shi kuma da azumi Maiduguri tana riga Sakkwato shan ruwa da kusan rabin awa, ko da yake agogonsu ɗaya ne. Don Allah, a ina na kuskure, kuma wanne ake so in rubuta, minti 34 ko awa ɗaya?