Kafin a kunna wa yara fim mai haɗa mutane da kartun

Iyaye da masoya fim sun yi ta musayar ra'ayi kan fina-finan barkwancin da ake haɗa 'yan wasa na gaske da halittun kartun, kuma inda bakinsu ya fi zuwa ɗaya shi ne: kada zane ya ruɗe ka. Zomo mai magana ba shaida ba ce cewa fim na ƙananan yara ne. A duba alamar shekaru tukuna. A Amurka, G na kowa da kowa ne, PG na buƙatar iyaye su sa ido. PG-13 kuwa, mai gargaɗin cewa wani ɓangaren fim ɗin ƙila bai dace da 'yan ƙasa da shekara 13 ba, sai a 1984 aka ƙirƙiro ta, shi ya sa wasu tsofaffin fina-finai masu PG ke ɗauke da abin da zai hana ɗan shekara biyar barci.

Masu ido a kan inganci sun ce a kalli tallar fim ɗin, a lura da idon ɗan wasa. Sau da yawa ƙwallo a kan sanda yake kallo lokacin ɗauka, daga baya a saka halittar da kwamfuta. In idanunsu ba su haɗu ba, ko halittar ba ta da inuwa, aikin gaggawa ne.

An ɗan yi saɓani kan ko a gaya wa yaro dodon ba na gaske ba ne. Ni dai ina tare da masu cewa a bari sai ya tambaya, sai fa in ya tsorata.