Shin ana yi wa ƙananan masu neman takarar shugaban ƙasa adalci a zaɓen fidda gwani?

Malamin makaranta, Azare:
Assalamu alaikum. Duk lokacin da zaɓen fidda gwani ya ƙarato, gidajen rediyo da jaridu sukan duƙufa a kan mutum biyu ko uku, sauran kuma sai ranar ƙidayar ƙuri'a ake jin sunayensu. A zaɓen PDP na Mayun 2022, labari duk na Atiku Abubakar da Nyesom Wike ne, alhali Gwamna Bala Mohammed da Anyim Pius Anyim da Sam Ohuabunwa su ma sun biya Naira miliyan 40 ta fom. Shin wannan rashin adalci ne, ko kuwa 'yan jarida gaskiyar lamarin kawai suke bi?

Tsohon ma'aikacin rediyo, Gombe:
Wa alaikumus salam, Malam. A ganina ba a yi musu adalci, amma laifin ba na 'yan jarida kaɗai ba ne. Dokar Zaɓe ta 2022 ta wajabta wa kafofin gwamnati raba lokaci daidai tsakanin jam'iyyu da 'yan takara a lokacin kamfe, sai dai kafin fidda gwani yawancin shirye-shiryen siyasa da kuke ji sayen fili ake yi, kuma wanda aljihunsa ya fi nauyi shi ke kwana a kunnen jama'a. Mu a Gombe mun ga haka a 2018, lokacin da Ibrahim Hassan Dankwambo ya je zaɓen fidda gwanin PDP a Fatakwal yana gwamna mai ci, ya samu ƙuri'a 111, Atiku kuwa 1,532. Idan gwamna bai samu cikakken sauraro ba, ina ga wanda ba ya riƙe da kowace kujera?

Hajiya, Kumo:
Alhaji, ina neman afuwa, amma ban yarda gaba ɗaya ba. A waɗannan zaɓuɓɓukan, masu zaɓen ba mu ba ne, daliget ne, wato wakilan jam'iyya, kuma ba daga rediyo suke karɓar umarni ba, daga gwamnoninsu ne. A zaɓen APC na Yunin 2022, an san Fasto Tunde Bakare da Rochas Okorocha ko'ina a Najeriya, kowannensu ya sayi fom na Naira miliyan 100, amma ko ƙuri'a ɗaya ba su samu ba, yayin da Bola Tinubu ya tashi da 1,271. Rashin suna bai kayar da su ba.

Ɗalibin kimiyyar siyasa, Bauchi:
Hajiya, maganarki tana kan hanya, sai dai Peter Obi ya fice daga PDP kwanaki kaɗan kafin zaɓen fidda gwani, ya koma Labour, kuma a 2023 ya samu ƙuri'a fiye da miliyan 6, wanda ke nuna cewa lissafin daliget daban, na jama'a daban. A Amurka, jam'iyyar Democrat ta gindaya sharaɗin shiga muhawarar masu neman takarar shugaban ƙasa a 2019: kashi 1 cikin ɗari a ƙuri'ar jin ra'ayi guda uku, ko masu ba da gudunmawa 65,000, kuma mutum 20 suka hau dandalin muhawara cikin dare biyu. Jam'iyyunmu da ke karɓar waɗannan maƙudan kuɗin fom ba za su rasa abin shirya muhawara irin wannan ba, a watsa ta kai tsaye, har da fassarar Hausa.