Neman shawara: littafin binciken kisa mai girke-girke ya dace a karanta shi a taron ƙawaye?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ni aka ɗora wa zaɓo littafin da za mu karanta tare da ƙawayena a wata mai zuwa, kuma zuciyata ta karkata ga wani ƙagaggen labari na Turanci, irin wanda ake kashe mutum a ƙaramin gari ba tare da an nuna jini ko azaba ba. Wadda take gano mai laifin ba 'yar sanda ba ce, mace ce mai sana'ar dafa abincin taro da tarbar baƙi, kuma a tsakanin babobin an sa bayanin yadda ake girka abin da ta dafa. Abin da ya sa nake jan ƙafa shi ne waɗanda suka riga ni karanta shi sun rabu gida biyu. Wasu sun ce ya ɗebe musu kewa har ba su so ya ƙare ba, wasu kuma sun ce ba shi da nauyi, girke-girken suna katse labarin, sannan tun tsakiya suka gane wanda ya yi kisan. Don Allah, maganar wa zan ɗauka?

Malam: Wa alaikumus salam, 'yata. Masu yabon da masu kushen duk gaskiya suka faɗa, sai dai ba abu ɗaya suka je nema ba. Wannan salo ya daɗe, domin a 1930 Agatha Christie ta Ingila ta fitar da littafinta na farko a kan Miss Marple, tsohuwar da take warware kisa a ƙauyensu da sanin halin maƙwabtanta kawai. Daga baya marubutan Amurka suka shigar da girki ciki sosai: Diane Mott Davidson ta fara jerin littattafanta masu bin juna a 1990 da mai dafa abincin taro a jihar Kolorado, Joanne Fluke kuma ta fara nata a 2000 da mai shagon biskit a Minesota. Wanda ya buɗe irin wannan littafi yana jiran tashin hankali da bugun zuciya, dole ya fito yana ƙorafi, domin ba wannan alkawarin aka yi masa ba.

Ma'aunin da nake ba ki shi ne ki duba ko abincin yana yi wa labarin aiki. Hikimar sa mai girki ta zama mai bincike ita ce tana shiga gidan kowa ta ƙofar baya, tana tsaye da faranti a hannu manya suna magana kamar babu ita, ita ta san wanda ya ƙi taɓa abincinsa, da wanda ya shiga kicin sau biyu ba dalili, da kofin da aka wanke kafin lokacinsa. Idan marubuciyar ta ɓoye alamominta a irin waɗannan wurare, ta yadda mai karatu zai koma baya ya ce ashe an nuna mini, to littafin ya cika. Idan kuwa za ki cire duk girkin labarin ya tsaya yadda yake, masu kushen sun fi gaskiya.

Hajiya: Na yarda da Malam, amma kada a raina ƙorafin masu cewa ba shi da nauyi. Ni abin da ke damuna shi ne yadda wasu marubutan suke wuce mutuwa da sauri, a tsinci gawa da safe, da yamma kuma ana muhawara a kan kek, babu mai makoki na haƙiƙa. Yawanci sukan mayar da mamacin mutumin da kowa ya ƙi, don kada ran mai karatu ya ɓaci, kuma wannan dabara ce da ya kamata ku tattauna a taronku, domin rai rai ne ko na wane ne. Marubuciyar da ta iya takan bar wa wani a labarin baƙin cikinsa.

Idan kuma za ku gwada girkin, ƙanwata, ku lura da awo. Kofin Amurka ya kai kusan mililita 240, zafin oben na digiri 350 a ma'auninsu kuwa kusan 180 ne a ma'aunin Selshiyos. Kada ki danna fulawa a kofi, ki zuba ta da cokali ki share saman da bayan wuƙa, in ba haka ba abin zai fito da tauri ki ɗora wa littafin laifi. Ki kuma karanta jerin kayan haɗin tun da wuri, saboda wani lokaci akwai abin da ba kowa ke ci ko sha ba.

Yaya: Ni shawarata gajeriya ce. Cikin masu yi wa littafin sharhi suna ba shi maki, ki bar masu ba da taurari biyar, wato cikakken yabo, da masu ba da ɗaya, wato cikakken kushe, ki nemi na tsakiya, domin su ne suke faɗin abin da ya yi musu da wanda bai yi ba tare da dalili, amma ki yi hattara da masu tona ƙarshen labari. Sannan ki bincika ko littafin na cikin jeri ne. Idan haka ne ku fara da na farko, saboda dangantakar mutanen garin tana ginuwa ne daga littafi zuwa littafi, kuma na baya yakan ambaci wanda aka kama a na gabansa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba na ga shi ne na uku a jerinsa, don haka na farkon zan kai wa ƙawayena. Zan roƙi kowace ta rubuta sunan wanda take zargi idan ta kai tsakiya, da alamar da ta sa ta zarge shi, mu buɗe takardun ranar taro, kuma maganar Hajiya a kan makoki ita ce za mu fara tattaunawa.