Marwa zuwa Rumsiki a yini ɗaya, ƙaramar mota za ta iya?

Baban Hanifa:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawara wajen waɗanda suka san hanyar yankin Kapsiki a arewacin Kamaru. Ƙanen mamata ya zo daga Garwa, shekarunsa sun ja, kuma tun yana yaro yake ganin hoton dogon dutsen nan na Rumsiki a kalanda bai taɓa zuwa ba, ni ma abin kunya a unguwar Domayo cikin Marwa aka haife ni amma ban taɓa wuce Mokolo ba. Ina so in kai shi mu tafi da safe mu dawo mu kwana a Marwa saboda magungunansa. Motata ƙaramar Toyota ce, ƙasanta ba tsawo. Za ta iya? Kuma wani ya ce in haɗa da Koza tunda na fito, yaya kuka gani?

Direba Mai Hilux:
Wa alaikumus salam. Malam zai yiwu amma sai ka yi sammako, kana sallame asuba ka tayar da mota. Marwa zuwa Mokolo wajen kilomita 80 ne kuma kwalta ce, ka bi Gazawa ka wuce Zamay, wannan ba matsala sai ramuka nan da can. Aikin yana farawa ne bayan Mokolo, wajen kilomita 50 ne kawai zuwa Rumsiki ta Mogode amma hanyar ƙasa ce da tsakuwa da duwatsu masu kaifi, kar ka ga gajarta ka raina ta, ni da babbar mota ma nakan ci kusan awa biyu in ina tausayin tayoyi. Ƙaramar mota tana wucewa da rani in ka bi a hankali kuma ba ka cika ta da mutane ba, da damina kam ban ba ka shawara ba wlh, ruwa yana yanka hanyar sai ka ji ƙasan mota na gurzar dutse. Ka cika tanki tun Marwa, ka duba safaya da jak, kowa ya riƙe katin shaidarsa don akwai shingayen jandarma. Zancen Koza ka ajiye shi tukuna, ita arewa take da Mokolo, Rumsiki kuma kudu, ba a bin zomo biyu.

Maman Sadiya:
Ɗan'uwa ni abin da zan ƙara shi ne lokaci, don shi ya cuce mu karon farko. Mun je cikin Janairu hazo ya rufe ko'ina, muka tsaya bakin kwarin nan muna ta zare ido, duwatsun sai ka ce inuwa cikin hayaƙi, yara suka ce Mama ina abin yake. Da muka koma ƙarshen Oktoba kuwa, subhanallahi! Ruwa ya ɗauke amma ciyawa ba ta bushe ba, dawa ta nuna a gonakin da suka yi hawa-hawa da jeren duwatsu a jikin tudu kamar matakala, ga bukkoki masu tsinin kai a maƙale tsakanin manyan duwatsu har ba ka rabe ɗaki da dutse sai ka ga hayaƙi na fita. Kana wuce Mogode sai ka fara ganin dogayen duwatsun suna tsirowa ɗaya bayan ɗaya a tsaye cak kamar an kafa taɓarya. Babban na Rumsiki ya kai mita 1,224 sama da teku, kuma asalinsu duwatsu ne masu aman wuta da suka mutu tuntuni, abin da ya daskare a maƙogwaronsu ne ya saura bayan ruwa da iska sun cinye gefe. In ka tsaya wurin, abin da kake hange can gaba Najeriya ne, mutanen Kapsiki ma da Higi na wajen Michika ai dangi ɗaya ne iyaka ce ta raba su. Ka ɗaukar wa kawu rigar sanyi, iskar saman nan ba irin ta Marwa ba ce. Ka sayo dankalin turawa a hanyar dawowa, can ake noma shi.

Malam Na Kakatare:
Allah ya saka da zumunci. Abu biyu zan faɗa. Tun da aka sace iyalin Faransawan nan a wajen Waza a 2013 baƙi suka ja baya, masu rakiya da masaƙa da masu tukwane a Rumsiki suna jin jiki, in yaro ya zagaya da ku ka ba shi haƙƙinsa da daɗin rai kar ka tsaya ciniki kamar a kasuwa. Za su ce ku je wurin bokan da ke duba da ƙaguwa, wannan kam mu ba namu ba ne, ku ce mun gode ku wuce. Na biyu maganar tsaro, da ka isa Mokolo ka tambayi direbobin tasha halin da ake ciki a ranar, kuma kar wani ya ja ka wajen garin Turu da ke bakin iyaka ko da sunan kallon kasuwa. Kar ka yarda magariba ta same ka a hanyar ƙasa.

Baban Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Maman Sadiya kin sa na canza shiri, yanzu hazo ya riga ya sauko don haka na ce wa kawu mu bari sai bayan damina, da farko bai so ba amma da na karanta masa abin da kika rubuta ya ce to Allah ya kai mu. Mai Hilux, in mun bar Rumsiki ƙarfe biyu bayan azahar za mu kama kwalta da sauran rana ko in rage?

Direba Mai Hilux:
Ƙarfe biyu ya yi, ku yi la'asar a Mokolo. Amma ka rage iskar tayoyi kaɗan kafin ka sauka daga kwalta saboda bayan tsoho, in kun dawo Mokolo a ƙara maka.