Gyara ko ɓatawa: yadda aka kwana ana jayayya a kan BMW ɗin Abba

Abba Turbo: Salam jama'a. Yau raina a ɓace yake. Jiya a majalisa na ce motata ta taɓa 260 a maleji, sai aka fashe da dariya, har da mai cewa in yi istigfari. BMW 335i ce, 2008, inji lita 3 mai turbo biyu. Daga kamfani a 250 aka ɗaure ta. Na kai ta wajen wani yaro mai kwamfuta ya taɓa ƙwaƙwalwarta, ya kwance ɗaurin, ya ƙara wa turbo iska. Na buɗe salansa, na rage mata tsayi, na ɗora mata fiffike a but. Tun da na gyara ta babu motar da ta sha gabana. Matsala ɗaya ce, daga 220 zuwa sama sitiyari sai ya yi sakayau kamar ba ya haɗe da taya, gaban yana ɗan yawo. Wanda ya ɗora fiffiken ya ce wai haka masu gudu suke. Ni dai a faɗa mini, 260 ƙarya ce ga motar da aka gyara?

Ɗan Panteka: Gyara? Abba, lalacewa ta yi da ka gyara ta? Mutanen Jamus sun zauna sun ƙera abu, kai da yaro mai kwamfuta kun shiga kun yamutsa, kuma kana kiransa gyara.

Mai Benz (Admin): Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Abba Turbo: Oga Admin har da kai?

Sadik Supra: To mene ne laifin kalmar? Duk abin da ka ƙara wa kyau ka gyara shi. Ko kamfani wahayi ake yi musu?

Ɗan Panteka: Mu a gareji gyara sunansa gyara. Mota ta mutu ka tashe ta, wannan shi ne gyara. Lafiyayyar mota ka kai ta a buɗe mata kai, wannan taɓa-taɓa ne. Shekarata 19 ina riƙe da sifana, kada yaro ya koya mini sunan aikina.

Malamin Hausa: Ku yi haƙuri in sa baki. Ɗan Panteka, amarya da ake yi wa gyaran jiki lalacewa ta yi? Mai gyaran murya fa, maƙogwaronsa ya karye? Miya ma ana gyara ta alhali tana ciyuwa. Kalmar tana da faɗi. Kai hatta ɗan ƙarin da mai tumatir yake yi maka bayan ciniki gyara ne.

Sadik Supra: Shi ke nan! Kamfani ya auna masa 250, mai kwamfuta ya yi masa gyaran 10.

Ɗan Panteka: Malam, da girmanka, amarya ba ta gudun 260 a kan kwalta.

Malamin Hausa: Ni a kan kalma na yi magana, ban ce komai a kan kwalta ba.

Injiniya: Kun bar abin da zai kashe yaron nan kuna faɗa a kan ƙamus. Abba, karanta da kyau. Fiffiken da ka ɗora yana bayan tayoyin baya. Idan iska ta danne shi, motar sai ta zama kamar sikeli, baya ya sauka, gaba ya ɗaga. Ba ka sa komai a ƙarƙashin bambar gaba da zai danne hancin ba, iska tana shiga ƙarƙashi tana ƙara ɗaga shi. Shi ya sa sitiyari yake sakayau, nauyin da ke kan tayoyin gaba ne yake raguwa. Kuma ƙarfin iska ba a hankali yake hawa ba. Ka ninka gudu sau biyu, turin iska ya ninka sau huɗu. Abin da ba ka ji a 110 ba, a 220 ya zama huɗunsa. Sannan ka rage tsayi, ka sake yin alaimen bayan nan? Shokozoba ɗin na asali ne ko sun gaji?

Abba Turbo: Alaimen ban yi ba tukuna. Amma Injiniya, 260 ɗin fa?

Injiniya: Maleji yakan yi ƙari, da gangan ake saita shi kada ya nuna ƙasa da gudun gaske. Allura a 260 tana iya zama 245 ko 250 a ƙasa. Idan ka canza girman taya ma lissafin ya sake rikicewa.

Abba Turbo: Wato kai ma ƙaryata ni kake yi.

Injiniya: Allurar nake ƙaryatawa. Kamfanin SSC na Amurka a 2020 sun ce motarsu Tuatara ta haura kilomita 530 a awa, har da bidiyo. Mutane suka zauna suka auna bidiyon da alamomin titi, lissafi ya ƙi fita, a 2021 kamfanin da kansa ya amsa cewa ba su kai ba. Kamfani guda ke nan, balle hoton maleji a waya.

Sadik Supra: A dawo kan masu cewa taɓa mota ɓatawa ne. Kun san Smokey Nagata? Bajapane ne, mai garejin Top Secret. A 1998 ya kai Supra ɗinsa Ingila, ya hau titin A1(M) da tsakar dare ya buga mil 197 a awa, wajen kilomita 317 ke nan. 'Yan sanda suka kama shi. Motar da a Japan ake ɗaure ta a 180! Wannan ba gyara ba ne? Jamus ɗinku su zo su gani.

Mai Golf: Kai Sadik ka daina tallar Toyota da wannan labarin. Injin Nissan ne a cikin motar, RB26 na Skyline. Da injin Supra ya isa, me ya sa mutumin ya cire shi?

Sadik Supra: Nissan ɗin ta garinku ce? Duk Japan ne.

Mai Golf: A'a, kullum kana cika mana kunne da injin Supra, 2JZ, 2JZ. Yau gwaninka ya jefar da shi ka ce duk Japan ne.

Sadik Supra: Mai Golf 3 ma yana magana a zancen gudu. Allah ya kyauta.

Mai Golf: Golf 3 ɗin ita ta kai ka Zariya ranar da taka ta ƙi tashi. Kuma taka ɗin Camry ce, Supra a hoton fuska kawai take.

Mai Benz (Admin): A daina taɓa mutunci. Amma gaskiya ɗaya ce, motar Jamus an yi ta ne domin Autobahn, inda wasu sassan babu iyakar gudu. 250 ɗin ma yarjejeniya ce tsakanin manyan kamfanoninsu, ba gazawa ba. Motar Jamus ba ta rawa a gudu sai an taɓa ta.

Sadik Supra: Ba ta rawa? Audi TT ta farko fa? Daga kamfani ta fito, ba wanda ya taɓa ta, ta riƙa kwacewa mutane a babban gudu har aka rasa rayuka. Dole Audi suka janye ta wajen 1999 zuwa 2000, suka ɗora mata ɗan fiffike a baya, suka sake saitin ƙafafunta, suka sa mata na'urar hana zamewa. Malam, wannan me sunansa a Hausa?

Malamin Hausa: Gyara.

Sadik Supra: Na gode. Kuma Oga Admin, Benz ɗinku ta tsere, CLR, a tseren Le Mans na Faransa a 1999 tashi sama ta yi kamar leda ta yi ta juyi. Direba Mark Webber sau biyu, direba Peter Dumbreck sau ɗaya ana tsakiyar tsere, ya faɗa cikin bishiyoyi. Iska ce ta shiga ƙarƙashin hancinta.

Mai Benz (Admin): Wannan motar fili ce, ba ta titi ba. Kada a kawo abin da ba shi da alaƙa.

Injiniya: Yana da alaƙa, shi ne dai abin da nake gaya wa Abba tun ɗazu. Hanci ya ɗaga, iska ta samu ƙofa.

Ɗan Panteka: Ni dai na san a Kano aka yi wannan aika-aikar. Fiffiken ma na rantse daga Ƙofar Ruwa aka ciro shi a jikin wata mota.

Abba Turbo: Sabo ne a kwalinsa! Kuma me Kano ta yi maka?

Baban Ummi: Ku 'yan Kaduna komai sai kun ce Kano. Rabin kayan da kuke ɗaurawa daga ina kuke saro su?

Ɗan Panteka: Mu a Panteka ƙerawa muke yi, ku sayarwa kuka iya.

Baban Ummi: Ƙera murhu da injin markaɗe ba ƙera BMW ba ne.

Baba Direba: 'Ya'yana, na karanta duka. Shekara 30 na yi ina jan mota, Legas, Maiduguri, Agadas. Abba, ba ka faɗi titin da ka yi wannan gudun ba, kuma na san dalili. Dokar babban titi a ƙasar nan 100 ce ga ƙaramar mota. Na sa jikana ya buga mini lissafi, a 260 kana cin mita 72 kafin a ce ɗaya. Saniya ta fito daga daji, ko tirela ta mutu ba fitila an jera ganye a bayanta, yaushe ƙafarka za ta kai birki? Waɗanda kuke ambata a fili suke yi ko a titin da aka rufe, da hular kwano da motar asibiti a gefe. Wancan Bajapanen da ya yi a titin mutane ai kun ce kama shi aka yi.

Abba Turbo: Baba na ji, Allah ya ƙara girma. Da asuba ne, titi babu kowa.

Baba Direba: Da asuba ake kora shanu.

Mai Benz (Admin): Abba, duba gefen tayarka ka karanto mini abin da aka rubuta bayan lambar girma.

Abba Turbo: 94H. Akwai kuma wata lamba 2316.

Mai Benz (Admin): Innalillahi. Harafin nan iyakar gudun taya yake nunawa, H iyakarta 210. V ce 240, W 270, Y 300. Lambar ƙarshe kuma mako na 23 ne na 2016. Tayar gwanjo ka hau ka yi 260?

Abba Turbo: Yawwa, ka amsa da bakinka na yi 260 ɗin!

Mai Golf: Wallahi yaron nan ba zai ji ba.

Ɗan Panteka: Mutum ya kashe kuɗi a fiffike ya bar taya. Har yanzu kuna cewa gyara ne?

Malamin Hausa: A nahawu dai gyara ne.

Mai Benz (Admin): To, dare ya yi, bari in taƙaita. An tabbatar motar Jamus ba ta buƙatar a taɓa ta, duk wanda ya taɓa shi ya jiyo. Maganar Audi da Le Mans tsohon labari ne, kuma a wajen maudu'i yake. 'Yan Japan ba su kawo hujja ba sai labarin mutum ɗaya da aka kama, shi ma da injin aro. Kalmar gyara, rinjaye yana wajen Ɗan Panteka. Asalin ciwon motar Abba taya ce, kamar yadda na gano. Masu W da Y sababbi sun iso shago ranar Litinin, 'yan wannan zauren akwai ragi. Na rufe.

Injiniya: Fiffiken fa? Alaimen fa? Ko da tayar Y gaban zai ci gaba da ɗagawa.

Sadik Supra: Wane rinjaye? Mu uku ne da Malam, ku biyu.

Malamin Hausa: Ni ban shiga ɓangaren kowa ba.

Abba Turbo: Oga Admin, nawa ne guda huɗu masu Y ɗin? Su ne ka ce suna kai 300 ko?